Jami'ar Ahmadu Bello: Tarihinta a Fuskokin Masu Jawabin Bikin Yaye Ɗalibai

Wanda duk yake son sanin yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta girma, ya dubi mutanen da suka riƙa hawa mumbari ranar bikin yaye ɗalibai, ya tambayi inda kowannensu ya yi karatu. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoban 1962, bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya nuna buƙatar ƙarin jami'o'i a Nijeriya. An harhaɗa ta ne daga makarantun da suka riga ta: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. Ɗalibanta a shekarar farko 426 ne kacal. Uban jami'ar na farko, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ba shi da digiri. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina a 1931. Amma a jawabinsa na 1963 ya kafa ƙa'idar cewa ƙofar jami'ar a buɗe take ga kowa, ba ruwanta da ƙabila ko addini ko ra'ayin siyasa. A gefensa kuwa akwai shugaban jami'ar, Norman Alexander, masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Niyu Zilan. Wannan hoto kaɗai ya isa ya nuna halin da Arewa take ciki a lokacin: akwai himma, amma malaman jami'a sai an nemo daga nesa.

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, ragamar jami'ar ta koma hannun Ishaya Audu, likitan yara haifaffen Anchau, Bahaushe Kirista, wanda ya riƙe ta har 1975. Naɗinsa ya tabbatar da cewa ƙa'idar 1963 ba a baki kawai ta tsaya ba. Bayansa aka samu Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa mai digirin digirgir na Kambirij. Duk su biyun 'yan ƙasa ne, sai dai a waje suka kammala ƙwarewarsu. Babban sauyi ya zo ne lokacin da Zariya ta fara yaye masu manyan digiri da kanta. Abdullahi Smith, wanda ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya horar da matasan masana tarihi, cikinsu har da Yusufu Bala Usman, wanda ya kammala digirin digirgir a 1974 kan tarihin ƙasar Katsina, yana dogaro da rubuce-rubucen gida da abin da dattawa suka adana a ka. Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a nan ya yi digirinsa na farko da na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, kafin ya zama shugaban ƙasa a 2007. A ganina wannan shi ne balagar jami'a: ranar da wanda ta koyar ya dawo yana koyarwa, yana bincike, yana tsayawa gaban sababbin ɗalibai da rigar da ita ta sa masa.

Wani zai ce auna jami'a da manyan sunaye yaudarar kai ne, domin ana iya gayyato attajiri ko ɗan siyasa a rataya masa digirin girmamawa alhali ɗakunan bincike babu kayan aiki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma'aunin ba shahara ba ne, aikin da mutum ya bari ne. Wani kuma zai ce jami'ar da ta dogara da 'ya'yanta kaɗai tana iya rufe kanta, tunaninta ya daskare. Haɗarin yana nan, amma tarihin Zariya ya nuna maganinsa. A zamanin da ta fi ƙarfi, malamanta sun haɗa da 'yan Kudu da sauran 'yan Afirka da Turawa da Indiyawa, kuma ba ta riƙe abin da ta tara ita kaɗai ba: Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975, kwalejinta ta Kano ta zama Jami'ar Bayero a 1977, kuma jami'ar Bauchi ta zauna ƙarƙashinta daga 1984 zuwa 1988 kafin ta sake cin gashin kanta.

Saboda haka zaɓen mai jawabi a bikin yaye masu digiri na biyu da na digirgir ba ƙaramin al'amari ba ne. Ɗalibin da ya shafe shekaru yana fama da kundin bincikensa ya cancanci ya ji daga bakin wanda ya san wahalar wannan hanya kuma ya amfanar da jama'a da iliminsa. Idan hukumomin jami'a suka riƙe wannan ma'auni, bikin zai ci gaba da zama darasi na ƙarshe da ɗalibi zai ɗauka kafin ya fita.