Mary Astor, Daga Majigi Zuwa Alƙalami

A zamanin da sana'ar majigi take tasowa a Hollywood ta ƙasar Amurka, tun hotuna suna motsi ba su magana, al'adar manyan kamfanoni ita ce su ɗauki yarinya bisa yarjejeniya ta shekaru, su canja mata suna, su zaɓa mata tufafi da irin halin da za ta fito da shi, har ya zamana ba ta mallaki kome na kanta ba sai numfashinta. Cikin waɗanda aka yi wa haka akwai Lucile Langhanke, wadda aka haifa a garin Quincy na jihar Illinois a 1906, aka raɗa mata Mary Astor tun ba ta cika shekara 16 ba, ta kuma shahara bayan ta fito tare da John Barrymore cikin fim ɗin Beau Brummel a 1924. Iyayenta ne suke karɓar albashinta, alhali kuwa dubban daloli ne a mako, su miƙa mata dala 5 ta kashewa. Da ta girma ta janye hannunta, sai suka kai ta ƙara gaban alƙali a 1934, suna neman a tilasta mata ta ci gaba da ɗaukar nauyinsu.

To, yarinyar da aka tsare haka, ba ƙawa ba aminiya, ina za ta kai sirrinta in ba takarda ba? Ta saba rubuta al'amuran ranarta cikin wani kundi, kuma wannan kundi ne ya jawo mata fitinar da ta fi kowace girma a rayuwarta. A 1936, sa'ad da suke shari'a da tsohon mijinta, likita Franklyn Thorpe, a kan wanda zai riƙe 'yarsu, ɓangaren mijin ya riƙe kundin a matsayin makami, domin a ciki ta ambaci hulɗarta da marubucin wasanni George S. Kaufman, mai iyali. Alƙali Goodwin Knight bai karɓi kundin a matsayin hujja ba, amma jaridu sun riga sun watsa abin da suka ce daga cikinsa ya fito, na gaskiya da na jabu a cakuɗe, jama'a kuwa suna wawaso. Da rana tana wasa cikin fim ɗin Dodsworth, da maraice tana zaune a kotu. Samuel Goldwyn, mai shirya fim ɗin, ya ƙi korarta ko da aka matsa masa. Kundin aka rufe shi bisa umurnin kotu, aka ƙone shi a 1952.

Abin mamaki, tonon sililin bai kashe mata kasuwa ba. A 1941 ta fito cikin The Maltese Falcon tare da Humphrey Bogart, ta kuma sami lambar Oscar a shekarar da ta biyo baya saboda The Great Lie. Amma sana'ar nan ba ta da alƙawari ga mace, domin da zarar ƙuruciya ta soma juya baya sai a mayar da ita uwa. Kamfanin MGM ya yi ta ba ta matsayin uwar gida, kamar cikin Meet Me in St. Louis na 1944, alhali ba ta kai shekara 40 ba, har abin ya gundure ta. Giya ta kama ta, lafiya ta raunana, ta kwanta a gidan jinya, daga bisani ta shiga ɗariƙar Katolika.

A nan ne wani limamin coci mai ilmin halayyar ɗan Adam, Peter Ciklic, ya ba ta shawara ta rubuta tarihinta domin neman waraka, ba domin bugawa ba. Lalle sai mai ƙarfin zuciya ne zai koma ga alƙalami bayan alƙalami ya taɓa tona masa asiri a bainar jama'a, amma ta koma. Rubutun ya zama littafin My Story a 1959, ya sami karɓuwa ƙwarai, kuma maimakon ta tsaya nan kamar sauran taurari masu ba da labarin kansu su yi shiru, sai ta shiga ƙagaggun labarai: The Incredible Charlie Carewe a 1960, ƙissar wani kyakkyawan mutum mai daɗin baki wanda ba shi da imani ko kaɗan, sa'an nan wasu huɗu, na ƙarshensu A Place Called Saturday a 1968. A ganina ba abin ta'ajibi ba ne wadda ta shekara arba'in tana furta kalmomin da wasu suka tsara mata ta zaɓi irin wannan mutum ya zama jigon ƙagaggen labarinta na fari, don ta san yadda fuska take ɓoye zuciya fiye da yawancin marubuta.

Bayan Hush... Hush, Sweet Charlotte a 1964 ta mayar da katinta na ƙungiyar 'yan wasa, ba ta sake yin wasa a wani fim ba. Ta wallafa A Life on Film a kan sana'ar da ta bari, ta ƙare kwanakinta a gidan da masana'antar ta tanada domin tsofaffin ma'aikatanta a Woodland Hills, inda ta rasu a watan Satumba na 1987 tana da shekara 81.