Asalin Alkaki

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ranar suyar alkaki. Ƙamshin mai da zuma ya cika tsakar gida, yara suna ta kewaya murhu ana korarsu. In ka tambayi tsohuwar da ke murza shi inda ya samo asali, sai ta ce maka, "Gadonmu ne tun kaka da kakanni." Gaskiyarta, amma gadon nan ta hamada ya biyo.

Sunansa ma ya isa shaida. Larabawa suna da wani abin ƙwalama da suke kira ka'ak, sai harshenmu ya mai da alka'ak ya zama alkaki. Ita kanta alkamar da ake yin sa da ita sunanta na Larabci ne, haka gurasa da tanderun da ake gasa ta.

A zamanin da, fataken Gadamas da Tarabulus sukan keto Sahara da raƙuma su sauka Kano. Wasu suka yi zamansu, har unguwarsu ake kira Dandalin Turawa, don a lokacin Balarabe ake ce wa Bature. Da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, ya tarar da su suna ta ciniki. Baƙo kuwa kome daɗin tuwon masaukinsa, yakan yi marmarin abincin gida. Daga gidajen Larabawan nan ne matan gari suka ga yadda ake sarrafa alkama.

To, amma ba su kwaikwaya ido rufe ba. Na Larabawa gasawa ake yi, namu kuwa suya. A barza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami a bar ta ta kwana. Da safe a sa ruwan kanwa, a mulmula, a naɗe, a soya, sa'an nan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari da tsamiya. Wadda ta yi gaggawa, nata sai ya yi tauri kamar dutse.

Da yake alkama sai da rani ake noma ta a fadama da ban ruwa, a da tsada gare ta, talaka bai cika ganinta ba sai ranar biki. Shi ya sa alkaki ya shiga gara tare da nakiya da dubulan, ga shi kuma yana makonni bai lalace ba. Har gobe, in aka kawo gara gidan ango, fantekar alkaki dangi suke fara buɗewa.