Ƙurar da Ta Shiga Idon Masana

Ranar 17 ga Maris, 2014, tawagar masana ƙarƙashin jagorancin John Kovac ta tara 'yan jarida a cibiyar nazarin taurari ta Harvard da ke Amurka, ta sanar da cewa ta ga sawun igiyoyin nauyi da suka taso tun farkon samuwar sararin samaniya. A shekarata ta ƙarshe a jami'a na karanta labarin, kuma har yau ƙarshensa ya fi farkonsa tsaya mini a rai.

Tun 1916 Albert Einstein ya yi hasashen cewa motsin abubuwa masu nauyi kan girgiza sarari, kamar ruwan tafkin da aka jefa wa dutse. A 1981 kuma Alan Guth ya wallafa ra'ayin cewa a farkon lamari sarari ya kumbura ninkin ba ninki cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan haka ne, kumburar ta haifar da irin waɗannan igiyoyi, su kuma suka bar murɗaɗɗen zane a jikin hasken da ya fi kowane tsufa, wanda ya kuɓuto kimanin shekaru 380,000 bayan farawar.

Wannan zane na'urar hangen nesa ta BICEP2 ta shafe shekaru uku tana nema daga tsakiyar ƙanƙarar Antatika, inda iska ke bushe ƙayau. Ta kuwa gan shi. Sai dai ƙurar da ke yawo a gungun taurarinmu ita ma tana fitar da haske mai irin wannan murɗiya. A Satumban 2014, bayanan tauraron ɗan Adam na Planck suka nuna ƙurar ta fi yadda aka zata yawa. A farkon 2015 tawagogin biyu suka haɗa alƙalumansu, suka bayyana wa duniya cewa babu hujja tabbatacciya.

A Satumban 2015 cibiyar LIGO ta kama igiyoyin nauyi, amma na karon baƙaƙen ramuka biyu ne. Na asubahin halitta har yanzu ana cigiyarsu.

Wasu na kallon lamarin a matsayin abin kunya. Ni kuwa girma nake gani. Mutanen da duniya ta tafa wa su ne suka miƙa bayanansu aka auna, suka sa hannu a kan sakamakon da ya rushe murnarsu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sun haɗiye ta a bainar jama'a, suka koma Antatika da na'urorin da za su tace ƙurar.