Gidan Talabijin Ɗin Da Ke Magana Daga Legas

Mai karatu, a Beijing ta ƙasar Sin akwai hedikwatar talabijin ɗin gwamnati, CCTV, da aka kammala a 2012. Tsayinta mita 234, ƙafafu biyu ne da suka haɗe a sama, har mutanen gari suka laƙaba mata "babban wando". Ita tamu NTA ba a san ta da dogon bene ba, amma hannunta ya fi bene tsawo, don ya kai har Madobi da Kura da Bunkure.

Da farko kowane yanki da gidansa. Ibadan ta fara a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962 zamanin Sardauna. A 1977 sojoji suka kafa doka suka tattara tashoshin ƙasar nan gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, aka sa hedikwata a Victoria Island ta Legas, bisa titin Ahmadu Bello. Sunan titin namu, maganar tasu! Daga baya ta koma Garki a Abuja.

Ƙarfe tara na dare kowace tasha sai ta yi shiru ta karɓi labaran hedikwata. Manomin da ya wuni yana ban ruwan tumatir da alkama a Kadawa da ruwan Tiga, in ya samu inda aka kunna akwati, Turanci zai sha har ya yi gyangyaɗi. Abin da ke zaunar da shi Samanja ne da Ƙasimu Yero, su kuwa daga Kaduna suke fitowa.

Da siyasa ta dawo a 1979 aka gane nauyin abin. NPN ke mulkin tarayya, PRP ke riƙe da Kano, kuma mai rijiya ba ya ba abokin gaba guga. Tsarin mulkin wannan shekara ya ba jihohi damar mallakar tasha, marigayi Abubakar Rimi kuwa bai yi sanya ba, ya kafa CTV. A nawa ganin, a nan Bakano ya fara jin gardamar garinsu da bakin garinsu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara finafinan Hausa na bidiyo a wasannin kwaikwayon irin waɗannan tashoshi suka goge. Rimi ya rasu a 2010, daga baya aka sa wa gidan sunansa, ARTV, yana nan a Hotoro kan titin Maiduguri.