Sarrafa Uwar Garke da Rubutaccen Umarni: Yadda Ake Kafa Kwamfutocin Gajimare da Kula da Su

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke ɗauke da manhaja ko shafin intanet, tana amsa buƙatun jama'a dare da rana. Duk ɗalibin da ya yi rajista ta waya, ko ɗan kasuwar da ya tura kuɗi ta manhajar banki, da ita yake hulɗa. A da, sai an sayi na'urar, a tanadar mata ɗaki mai sanyi da janareta da mai kula da ita. A yau hayarta ake yi ta intanet daga manyan cibiyoyin adana bayanai, tsarin da ake kira fasahar gajimare. Ƙari a kan haka, masu ƙirƙirar manhaja sun rage kafa ta da hannu. Rubuta siffarta suke yi a cikin fayil, wata manhaja ta karanta, ta kafa ta yadda aka rubuta.

Yadda tsarin yake aiki

Fayil ɗin rubutu ne da mutum zai iya karantawa. A ciki ake faɗin uwar garke nawa ake so, da ƙarfin kowace, da girman ma'adanarta, da birnin da za a ajiye ta, da waɗanda aka yarda su shige ta. Manhajoji irin su Terraform suna bin matakai uku. Da farko sukan gwada abin da aka rubuta da abin da ke akwai, su nuna jerin abubuwan da za su ƙara ko su canza ko su goge. Idan ma'aikaci ya amince, sai su aiwatar. Idan aiki ya ƙare, umarni guda ya isa ya rushe duk abin da aka kafa.

Abin lura shi ne, fayil ɗin yana bayyana yadda ake son abu ya kasance ne. Idan an rubuta uwar garke uku, kuma ukun suna nan, ko sau goma aka maimaita umarnin ba za a sami ta huɗu ba. Idan ɗaya ta ɓace, ita kaɗai za a mayar. Don haka manhajar takan riƙe wata rajista ta abubuwan da ta kafa, wadda ɓatanta kan jawo ruɗani babba.

Ana ajiye fayilolin a Git, ma'adanar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Ta haka abokin aiki zai duba gyara kafin a aiwatar, kuma idan an yi kuskure a koma ga rubutun jiya.

Taƙaitaccen tarihi

Tunanin ya girmi gajimaren kansa. A 1993 Mark Burgess ya rubuta CFEngine a Jami'ar Oslo domin daidaita kwamfutoci masu yawa lokaci guda. Puppet ta biyo baya a 2005, Chef a 2009, sai Ansible a 2012. Abin da ya sauya lamarin shi ne fara bayar da hayar kwamfuta ta intanet da kamfanin Amazon ya yi a 2006, domin daga nan na'urar kanta ta zama abin da ake samu da umarni. A 2011 kamfanin ya fito da CloudFormation domin masu hulɗa da shi, sannan a 2014 kamfanin HashiCorp ya fito da Terraform, wadda ke aiki da masu bayar da haya daban-daban. Docker, wadda ta fito a 2013, tana ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata wuri guda, ita kuwa Kubernetes da Google ya saki a 2014 tana rarraba waɗannan ƙunshe-ƙunshe a kan kwamfutoci da yawa.

A watan Agustan 2023 HashiCorp ya tsaurara lasisin Terraform. Masu amfani da ita da ba su gamsu ba suka ci gaba da tsohon rubutun da sunan OpenTofu, ƙarƙashin gidauniyar Linux. A 2025 kamfanin IBM ya kammala sayen HashiCorp.

Abin da aikin hannu ke jawowa

A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. Bincike ya nuna cewa an ɗora sabuwar manhaja a kan uwar garke bakwai daga cikin takwas, aka bar ɗaya da tsohuwa. Irin wannan mantuwa ce rubutaccen tsari yake magani, domin abin da aka yi wa ɗaya shi ake yi wa saura.

Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. A ranar 28 ga Fabrairun 2017, kuskuren shigar da umarni guda ya cire kwamfutoci fiye da waɗanda aka yi niyya a wata cibiyar Amazon da ke jihar Virginia, shafuka masu yawa suka tsaya na kusan awa huɗu. Da saurin da na'ura ke yaɗa gyara, da shi take yaɗa ɓarna.

Matsayinsa a Lafiya

Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996. A cikinta akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai I, inda matasa ke karatun kwamfuta. An ƙaddamar da babbar tashar wutar lantarki ta Akurba a 2022, amma kamar sauran biranen ƙasar nan, duk mai son kwamfuta ta yi aiki ba yankewa sai ya tanadi janareta ko sola. Wannan ɗawainiya ce hayar gajimare ke ɗauke wa ƙaramin kamfani. Matashin da ke Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, da kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet, zai iya kafa uwar garke a Legas ko Afirka ta Kudu cikin mintuna, ko da wuta ta ɗauke masa bayan haka ita ba za ta tsaya ba.

A ɗauka wasu matasa uku sun karɓi kwangilar shafin rajistar wata makaranta. A yawancin shekara uwar garke ɗaya ta ishe su, amma a makon rajista cunkoso kan ninka. Sai su canza lamba ɗaya a fayil, daga 1 zuwa 5, bayan rajista su mayar. Da fayil ɗin kuma za su kafa kwafin gwaji da safe, su gwada sabon gyara, su rushe shi da yamma. Idan ɗayansu ya bar aikin, ilimin bai tafi da shi ba, yana nan a rubuce.

Shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, 3MTT, wanda aka fara a 2023, ya sanya fasahar gajimare da wannan fanni na sarrafa ta cikin darussansa.

Ina bayanan suke zaune?

Gajimare suna ne kawai, na'urorin a ƙasa suke, kuma dokar ƙasar da suke ciki tana hawa kansu. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020 da ƙaramin reshe a Legas a 2023, Google kuma ya buɗe a Johannesburg a 2024. A cikin gida, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana da cibiya a Abuja, aka kuma ƙaddamar da ta Kano a 2023.

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da manufar amfani da gajimare a 2019, wadda ke ƙarfafa ma'aikatun gwamnati su fara duba wannan hanya kafin sayen na'urori. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Saboda haka layin da ke faɗin birnin da za a ajiye uwar garke magana ce ta doka. Wanda ya kwafo fayil daga intanet bai karanta ba, yana iya kai sunaye da lambobin ɗalibai wata nahiya bai sani ba.

Nisa ma yana da tasiri. A ranar 14 ga Maris 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta kawo cikas ga bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya. Mai rubutaccen tsari ya fi saurin sake kafa aikinsa a wata cibiya, muddin yana da kwafin bayanansa a can, domin fayil ɗin ginin yake mayarwa, ba ya mayar da abin da aka adana a ciki.

Abubuwan kiyayewa

Na farko shi ne kuɗi. Manyan kamfanonin waje da dala suke ƙayyade farashi, kuma tun sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023 nauyin ya ƙaru a kan mai samun naira. Gwargwadon lokaci ake lissafin hayar, don haka uwar garken gwaji da aka manta a kunne tana cin kuɗi har ƙarshen wata. Ya kamata a sa iyakar kashewa da saƙon gargaɗi tun ranar farko.

Na biyu, kada a rubuta kalmar sirri ko mabuɗin shiga a cikin fayil. Akwai ɓarayin da ke da manhajojin da ke laluben irin waɗannan mabuɗai a ma'adanan da ke buɗe ga kowa, su kafa kwamfutoci da sunan mai asusun, bashin ya hau kansa.

Na uku, a guji gyara da hannu a bayan fage. Da zarar an yi haka, abin da ke rubuce ya saɓa da abin da ke aiki, kuma umarni na gaba yana iya share gyaran.

Na huɗu, kada a aiwatar da komai sai an karanta jerin canje-canjen da manhajar ta nuna, musamman layin da ke faɗin abin da za a goge. Inda hali ya yi, mutum na biyu ya duba ya amince kafin a taɓa uwar garken da jama'a ke amfani da ita.