Zaurukan Zane Masu Zaman Kansu da Masu Fasaha 'Yan Neman Jinsi Guda a Amurka

Zauren zane mai zaman kansa wuri ne na baje kolin zane-zane da hotuna wanda masu fasaha ko ƙananan ƙungiyoyi ke gudanarwa. A Amurka, irin waɗannan zauruka sun sha ɗaukar ayyukan masu fasaha 'yan neman jinsi guda a lokacin da manyan gidajen tarihi suka janye jiki don gudun rasa tallafin gwamnati.

Fitaccen misali shi ne na Charles Leslie da Fritz Lohman, waɗanda suka fara nuna irin waɗannan ayyuka a gidansu da ke unguwar SoHo a birnin New York a 1969. Da cutar ƙanjamau ta ɓarke a shekarun 1980, sai suka riƙa ceto zane-zanen waɗanda suka mutu, domin wasu iyalai kan zubar da su ko su lalata su. Sun kafa gidauniya a 1987, wadda daga baya ta zama gidan tarihi na Leslie-Lohman.

A 1989, gidan zane na Corcoran da ke Washington ya soke baje kolin hotunan Robert Mapplethorpe, wanda ya mutu a farkon shekarar, yayin da 'yan majalisa irin su Sanata Jesse Helms ke sukar ba wa irin wannan fasaha kuɗin jama'a. Wani ƙaramin zaure, Washington Project for the Arts, shi ya nuna hotunan. A 1990 an gurfanar da Dennis Barrie, shugaban cibiyar fasahar zamani ta Cincinnati, bisa zargin yaɗa batsa saboda waɗannan hotuna, amma masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi.

Lamarin ya maimaitu a ƙarshen 2010, lokacin da cibiyar Smithsonian ta cire wani bidiyon David Wojnarowicz daga baje kolinta bayan ƙorafin wata ƙungiyar Katolika da wasu 'yan majalisa. Nan take ƙaramin zauren Transformer ya riƙa haska shi ta tagarsa.

Muhawarar ta tsaya a kan tambaya guda: wa ke da ikon cewa ga abin da za a nuna da kuɗin haraji? Masu suka na kafa hujja da addini da tarbiyya, masu goyon baya kuma da 'yancin faɗin albarkacin baki. Ƙananan zaurukan sun fi sakewa, sai dai tsadar haya da ƙarancin kuɗi na yawan tilasta musu rufewa.