Sunan da Beethoven Ya Kankare

A watan Maris na 2027 ne Ludwig van Beethoven ke cika shekara 200 da rasuwa, kuma tabbas za a sake tono labarin nan mai daɗin ji: wai ya tsara babban kiɗansa na uku ne don Napoleon Bonaparte, amma da ya ji gwanin nasa ya naɗa wa kansa sarauta a Mayun 1804, sai ya fusata ya yage shafin farko. Almajirinsa Ferdinand Ries ne ya ba da labarin, amma sai a 1838 aka buga shi, bayan maigidan ya shekara 11 a ƙasa.

Ba a ce Ries ya yi ƙarya ba, sai dai bai kai zancen ƙarshe ba. A Agustan 1804, wata uku bayan wannan fushi, Beethoven ya rubuta wa kamfanin ɗab'i na Breitkopf da Härtel cewa ainihin sunan kiɗan Bonaparte ne. Ga kuma batun aljihu: Yarima Lobkowitz ya biya kuɗi don a fara kaɗa shi a gidansa, kuma shi aka sadaukar wa. A 1805 yaƙi ya ɓarke tsakanin Austriya da Faransa, har sojojin Napoleon suka mamaye Biyana, babban birnin Austriya. Wane makaɗi ne zai ci abincin fada yana wasa maƙiyin sarki? Da aka buga kiɗan a 1806, sai aka kira shi Eroica, wato na jarumta, ba tare da sunan jarumin ba.

Masu riƙe da labarin Ries kan kafa hujja da kwafin da ke ajiye a Biyana, inda aka kankare sunan da ƙarfi har takarda ta huje. Hujja ce, amma a wannan shafin dai Beethoven ya rubuta da fensir cewa a kan Bonaparte aka tsara shi. Wannan halin mai zuciya biyu ne, wanda ya tsani sarautar amma bai daina ganin girman mutumin ba.

Makaɗin fada a ƙasar Hausa ba shi da wannan mafita, domin sunan sarki na cikin waƙarsa. Wannan kiɗa na Beethoven kuwa babu baiti ko ɗaya, shi ya sa aka cire sunan daga bango, jarumin ya ci gaba da zama a ciki.